Haruffan da Na Tsinto wa Littafin Mama

Kuɓewa ce ta haɗa mu. Shekararmu ta biyu ke nan a garin Greensboro na Amurka, muna haya a wani ɗan gidan katako a unguwar Glenwood. Na fita bayan gida shanya da safe, sai na hango ta ta saman shinge, layi biyu, ta yi fure, kamar wadda innata ke shukawa a bayan ɗakinta. Na tsaya da jiƙaƙƙiyar rigar yaro a hannu ina kallo. Ban san da mutum a wurin ba sai da murya ta fito daga ƙarƙashin wata malafa.

"Kallo za ki tsaya yi, shuga, ko kwano za ki miƙo?"

Ban gane maganar duka ba a lokacin. Kwanon kawai na kama, na koma ciki na ɗauko.

Tsohuwa ce baƙar fata, ta haura saba'in. A masaƙa ta yi aiki har ƙarfinta ya ƙare, mijinta ya rasu, ɗanta guda ɗaya yana garin Summerfield da iyalinsa. Ta faɗa min sunanta, ta ce in riƙa kiran ta da shi. Bakina ya ƙi. Ta haife ni, ta yaya zan kama sunanta gatsal? Sai na riƙa ce mata Mama, ita kuma ta ce min shuga, wato sukari, wani lokaci bebi, wato jaririya. Ni da 'ya'ya uku, ana ce min bebi a gaban 'ya'yan. Maigidana ya samu abin tsokana. Yana dawowa daga tuƙin tasi sai ya leƙo kicin ya ce, "Bebi, an sauke tuwo kuwa?"

Ita soya kuɓewarta take yi da garin masara. Ranar da na kai mata miyar kuɓewa ɗanya da tuwon shinkafa, ta ɗaga cokali, miyar ta biyo shi, ta ƙara ɗagawa, miyar ta ƙara biyowa. Ta ce, "Bebi, wannan miyar ba ta son rabuwa da danginta." Amma ta cinye, washegari ta dawo min da kwanon cike da tumatir.

Ni ban yi makarantar boko da ƙuruciya ba. A wani ƙauye na ƙasar Sakkwato na tashi, sai da aure ya kai ni Kaduna na shiga ajin yaƙi da jahilci, da goyo a bayana. Malamarmu mai kirki ce, amma tana da jan biro, kuma ba ta tausaya masa. Na rubuta "tahi", ta ja layi ta rubuta "tafi". Na rubuta "hwara", ta ja layi. Ta ce, "Abin da baki ya faɗa daban, abin da ake sa wa a takarda daban. Idan za ki fita unguwa ai ba da zanen daka kike fita ba." Na riƙe wannan maganar da hannu biyu. Da muka zo Amurka na shiga ajin Turanci na manya da ake yi a ɗakin karatu, na tarar da wata malamar, Baturiya, ƙaramar yarinya mai fara'a, ita ma da nata dokokin. A ƙarasa kalma har wutsiyarta. Kada a haɗa "a'a" biyu a jimla ɗaya. Kalmar ain't kuwa, wadda ake kore magana da ita, ta ce mu bar ta a bakin titi inda muka tsince ta. Na ce to. Duk malaman duniya bakinsu ɗaya.

A shekara ta huɗu da zamanmu maƙwabta, ciwon suga ya taɓa idon Mama. Da farko zare ta daina iya sa wa a allura, sai ta miƙo min ta saman shinge. Daga baya ta zuba gishiri a shayi. Ranar da ta bar tukunya a wuta har ƙararrawar hayaƙi ta tara maƙwabta, ɗanta ya zo ya zauna da ita a baranda, suka daɗe. Da ya tafi ta kira ni.

"Zai ɗauke ni, shuga. Kafin ganye ya fara zuba. Ya gyara min ɗaki a gidansa, wai taga tana kallon dawakin maƙwabcinsa. Me zan yi da doki? Ko ganin sa ba zan yi ba."

Ta shiga ciki tana dafa bango, ta fito da wani littafi. Bangon ya tsufa, an liƙe bayansa da salatif. Ta ce yayarta marigayiya ce ta ba ta, kuma tun daga lokacin duk shekara idan zafi ya shigo sai ta karanta shi a wannan barandar. Bana ta buɗe, ta ga haruffa sun zama tururuwa.

"Ina so in ji shi sau ɗaya a nan kafin in bar gidan nan. Matar ɗana ta ce za ta sayo min na faifai. Ba na son na'ura ta yi min karatu. Ke kina neman inda za ki motsa Turancinki, ni ina neman ido. Kin ga ciniki ya faɗa."

Na ce, "Mama, karatuna a hankali yake tafiya."

"Ni ma a hankali nake tafiya. Ina za mu je?"

Na karɓa, daɗi ya cika ni. Ban taɓa karanta littafin Turanci daga farko har ƙarshe ba. Na roƙe ta ta bar ni in riƙa tafiya da shi gida ina dubawa kafin in zo, don kada in yi ta tuntuɓe a gabanta. Ta ce in tafi da shi, in dai ba miyar nan mai dangi zan zuba masa ba.

Labarin wasu manoman taba ne a ƙauye, da wata kaka mai kaifin baki, da jikarta, da saniyarsu da ba ta da aiki sai shiga lambun fasto. Shafin farko ya tafi lafiya lau. Turanci ne tsaf, irin na malamarmu, ana bayanin gona da hanya da zafin rana. Ina juyawa shafi na biyu, kakar ta buɗe baki, sai komai ya rushe. Kalmomi sun zubar da wutsiyoyinsu. Inda harafin g ya kamata ya tsaya a ƙarshe, babu shi, sai wani ɗan waƙafi a rataye a sama, irin wanda muke sa wa 'ya'ya. Ga ain't ɗin da aka ce mu bari a titi, ta shigo har tsakar littafi ta zauna. Ga "a'a" biyu, wani wurin uku, a jimla ɗaya. Akwai wata kalma, y'all, da na nema a ƙamus har idona ya yi ruwa. Akwai chile, wadda na ɗauka barkono ce, na yi ta mamakin yadda tsohuwar nan ke neman barkono a tsakiyar kowace magana, sai daga baya na lura jikarta take kira, child ce, wato yarinya, harafin d ne ya faɗi aka sa wani a gurbinsa.

Tausayin Mama ya kama ni. Na ce a raina, an cuci baiwar Allah, an sayar wa yayarta littafin da injin buga shi ya lalace, ita kuma shekara da shekaru tana haƙuri da shi. Na san a kasuwar Kaduna akan samu irin haka, littafi mai shafi a juye ko mai rubutu a dushe. Kuma ta yaya zan zauna gaban babbar mace in riƙa karanta mata kuskure da bakina? Sai ta ce ni ce ban iya ba.

Na ɗauko fensirin yara na feƙe shi sosai. Da hantsi, idan na gama aikin gida, sai in zauna a teburin kicin in bi shafukan da zan karanta ranar. Duk inda g ya faɗi in mayar da shi, ƙarami, a tsanake. Duk ain't in ja mata siririn layi in rubuta ta gaskiya a sama. Inda "a'a" ta yi yawa in rage. Wallahi aikin ya yi min daɗi. Ji nake kamar ina tsince tsakuwa daga shinkafar baƙo.

Bayan la'asar sai in tsallaka. Tana kan kujerarta mai lilo, ta ajiye mana shayi mai ƙanƙara wanda zaƙinsa ke sa haƙori tsami, ita nata babu suga tana ta ƙorafi. Ranar farko ta rufe ido tana murmushi tun kafin in fara. Na karanta bayanin gona, tana gyaɗa kai. Na iso maganar kaka, na karanta ta a gyare, kowace kalma da wutsiyarta. Na ga murmushin ya ɗan ja baya. Da na kai ƙarshen babi ta ce, "Sannu, bebi. Kin yi ƙoƙari."

Haka muka yi ta yi. Amma kullum karatun sai ya ƙara gajarta. Wuraren da nake jin ya kamata a yi dariya, don ko ni na ga abin dariya a saniyar nan, sai in ji shiru, kujera kawai ke ƙara. Wata rana ta yi barci ina tsakiyar shafi. Wata rana ta ce kanta na ciwo, mu bari sai gobe. Goben ta ce zafi ya yi yawa. Ga kwanaki suna tafiya, ɗanta ya fara kawo kwalaye yana jerawa a falo, mu ko sulusin littafin ba mu ci ba.

Na ce wa maigidana, "Malam, ina jin harshena ne. Ba ta gane Turancina, kunya ce ta hana ta faɗa."

Ya ce, "Matar da ta ce miyarki na da dangi ita ce za ta ji kunyar ki? Ki dai ci gaba."

Abin da ya tona ni shinge ne. Akwai inda saniya ta sake tserewa, kaka ta miƙe ta ce, "I'm fixin' to go get that cow." Na gane zancen kamo saniya ne, amma da na duba fix a ƙamus sai na ga gyara. Na yi ta juya maganar. Me ya lalace a jikin saniya da za a gyara? Kuma ba nan kaɗai ba, mutanen littafin nan kullum cikin gyara suke, za su ci abinci gyara, za su coci gyara, amma ban taɓa ganin an ɗauko guduma ba. A nan dai na ga hanya. Saniya tana fita, ashe shinge ne ya ɓalle, injin ya haɗiye kalmar. Na rubuta ta da fensirina. Da yamma na karanta wa Mama cewa kaka ta ce za ta gyara shinge sannan ta je ta kamo saniya.

Kujera ta tsaya cak.

"Wane shinge?"

"Shingen saniya, Mama."

"Babu shinge a littafin nan, shuga. Da akwai shinge ai da babu labari. Sake karanta min."

Na sake. Ta miƙo hannu. Na ba ta littafin, ta laluba aljihun rigarta ta fito da gilashin nan mai hannu da likita ya ba ta, mai ƙara girman rubutu. Ta kai shafin dab da hancinta, ta karkata shi wajen haske. Ta daɗe. Ta juya baya shafi ɗaya, ta ƙara juyawa, ta ƙara.

"Wane ne ya bi littafina da fensir?"

Na ce ni ce, har da ɗan alfaharina. Na yi mata bayani a hankali, cewa injin ya zubar da haruffa, na tsinto mata su, kuma ba wata wahala ba ce, kada ta damu da godiya.

Ta sauke gilashin ta dube ni da idanun nan da suka yi fari-fari. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba ta fita da sauti sai daga baya, har tana buga hannun kujera. "Ya Ubangiji! Ta gyara shinge! Shekara nawa saniyar nan tana cin kabejin fasto, sai da aka zo daga Afirka aka gina mata shinge!" Wasu ɗalibai biyu da ke wucewa a kan keke suka waiwayo.

Na taya ta dariyar ba tare da na san ta mece ce ba. Amma da ta lafa, ta share ido da bakin riga, sai fuskarta ta sauya. Ta ɗora tafin hannu a kan shafin.

"Ni na ɗauka kunnena ne ya bi idona. Ina ta jira in ji ta, ba ta zo ba. Bebi, ba kuskure ba ne. Haka uwata take magana. Haka yayata take magana. Wanda ya rubuta littafin nan ya iya Turancin makaranta, ba ki ga sauran wuraren ba? Da gangan ya bar su su yi magana da bakinsu. Ke kuma kin mayar min da uwata mai karanta labarai a talabijin."

Na ce, "Mama, amma a takarda..."

"A makaranta an gyara min baki. A masaƙa, idan za ki shiga ofishin manya, sai kin gyara baki. Matar ɗana tana gyara wa jikokina idan sun kwaso maganata. Nan ne kaɗai wurin da na sani aka buga mu a takarda yadda muke, aka sa bango." Ta rufe littafin ta ajiye a cinyarta. "Je ki gida, shuga. Yau na gaji."

Ba ta miƙo min shi ba. Na tsallaka gida hannu wofi.

Da maigidana ya dawo cin abinci na ba shi labari. Ya ajiye cokali ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Ke ma fixin' ta kama ki? Ni a watana na farko na ɗauko wani fasinja, muna tafiya ya ce min yana fixin' ya yi amai. Na ce a raina, to, gyara abinka. Ranar wuni na yi ina wanke mota." Ya ce ma'anarta kawai mutum yana shirin yin abu, yanzu-yanzu. Y'all kuwa "ku" ce, ta jama'a, don Turancin makaranta ba shi da bambancin kai da ku, mutanen nan suka ƙera tasu.

Na ce, "To me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Kin tambaye ni? Ke da kike ɓoye littafi a ƙarƙashin tire kamar kuɗin adashe."

Ni dai dariyar ba ta zauna min ba. Ina ta ganin hannunta a kan shafin. Kuma wani ɓangare na zuciyata bai sallama ba, yana cewa ai rubutu rubutu ne, malamai biyu ba za su haɗu a kan ƙarya ba.

Washegari da safe ina goge-goge na kunna kaset ɗin innata. A shekarun nan haka muke yi, idan wani zai zo daga gida sai ta sa a ɗauki muryarta a kawo min. Na sha jin wannan kaset ɗin, amma ranar sai na tsaya da tsumma a hannu. "Ɗiyata, kuna lahiya? Mi kuka ci can? Akuyag ga da kinka bari ta haihu, tagwai, awo. Ki hwaɗa ma maigidanki ina gaishe shi." Na ɗauko fensirin nan da bayan wata ambulan, na ce bari in rubuta maganar yadda malamata ta Kaduna za ta so. 'Yata, kuna lafiya? Me kuke ci a can? Akuyar da kika bari ta haihu. Na karanta a fili. Daidai ne, babu inda jan biro zai taɓa. Amma ban san matar ba. Wata ce mai takalmi da jaka, ba ta taɓa tatsar akuya ba. Na sake rubutawa a ƙasa, da "lahiya" da "kinka" da "awo", ina yi hannuna yana noƙewa kamar ina sata. Da na karanta wannan, sai ga inna a kicin ɗina a Glenwood, har ina jin ƙamshin man shanun da take shafawa.

Ban jira la'asar ba. Na ɗauki rediyon da kaset ɗin a ciki, na kwashe duk robar goge fensir da ke jakunkunan yarana, na tsallaka. Tana baranda, littafin yana cinyarta kamar tun jiya bai motsa ba.

"Wa nake ji? Mai gyaran shinge ce?"

"Ni ce, Mama. Na zo in rushe shi."

Na zauna a matakala na kunna mata kaset. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, amma ta karkata kai ta saurara har inna ta gama zancen akuya ta shiga na wata maƙwabciya da ta ara mata turmi. Ta ce, "Wace ce?" Na ce innata ce. Ta ce, "Wannan matar 'yar ƙauye ce." Na ce ƙwarai. Ta ce, "Na ji a muryarta. Ba ta gaggawa, kuma wani take yi wa tsiya." Na ce mai turmi ce. Ta yi dariya ta miƙo min littafin.

Gogewar ta fi rubutun wuya. Takardar ta tsufa, sai a hankali. Ni ina gogewa, ita tana share garin robar da gefen hannunta tana hurawa, tana cewa, "Fita, malamin makaranta, fita." Da muka iso shafin shinge ta riƙe hannuna. Ta ce wannan a bar shi. Tana so idan jikokinta sun girma su tarar da shi su tambaya.

Sai kuma karatu, wanda ya zama sabuwar makaranta. Na buɗe baki in faɗi maganar kaka yadda take a rubuce, harshena ya ƙi sakin wutsiyar kalma. Shekaru ina koyon kama ta, yanzu an ce in saki.

"A'a, bebi. Kina taka kalmar kamar kina kashe kyankyaso. Ki bar ta ta kwanta. Ja ta. Zafi ake yi, matar nan tun asuba take gona, ba ta da ƙarfin ƙarasa kowace kalma."

Na ja.

"Kin ja da yawa, yanzu kin zama kamar wadda ta bugu. Rage."

Ta ce in daina kallon haruffa ɗaya-ɗaya, in saurari abin da kunnena ya riga ya sani. Ashe kuwa na sani. Shekara huɗu ina jin waɗannan kalmomin ta saman shinge, a bas, a bakin mai karɓar kuɗi a kanti, ban taɓa haɗa su da abin da ke takarda ba. Y'all ɗin da na nema a ƙamus, kullum da ita Mama ke kiran yarana su zo su karɓi biskit. Da na gane haka sai na daina karanta kakar, na riƙa kwaikwayon Mama. Ranar da na faɗi wata doguwar masifa da kaka ta yi wa fasto, da ain't uku a ciki, ban yi tuntuɓe ba, Mama ta ɗaga hannu sama kamar a cocinsu ta ce, "Ga ta nan! Ta iso!" Ta karɓe jimlar daga bakina ta ƙarasa da ka. Daga nan sai ta tsayar da ni ta ba ni labarin ranar da uwarta ta kori mai sayar da inshora da tsintsiya, labarin ya jawo wani, har aka kira ni daga gida.

Wannan ya zama sabuwar matsala. Da, karatu ba ya tafiya don babu daɗi. Yanzu ba ya tafiya don daɗi ya yi yawa. Kowane shafi sai ya tono mata wani, kawu mai kamun kifi, ko yayarta da ta sa takalmin coci a kogi. Ni ma in kawo nawa. Kwalaye suna ƙaruwa a falo, hotuna sun sauka daga bango. Muka ƙara zama na safe. Maigidana ya ce tuwon gidan nan ya koma hannun saniyar fasto. A ajin Turanci kuma na yi suɓul da baka na ce wa malama ina fixin' in tafi gida. Ta zaro ido ta ce a ina na samo wannan. Na ce a littafi. Ta yi dariya ta ce to, kada dai in rubuta a jarrabawa.

Ranar tashi ta zo muna da babi ɗaya a gaba. Ɗanta ya iso da babbar mota tun da hantsi, shi da wasu ma'aikata biyu. Mutum ne mai natsuwa, ma'aikacin banki, Turancinsa a goge kamar rigarsa. Suka yi ta fitar da kaya ta gabanmu. Aka ɗauke teburin shayi, muka riƙe kofuna a hannu. Aka ɗauke kujerata, na koma matakala. Saura kujera mai lilo da mai ita a kai.

Ina cikin karanta inda kaka ke sallama da jikarta a tashar bas, tana yi mata faɗa don kada ta yi kuka, sai na ji takun ɗan ya tsaya a bayana. Yana riƙe da fitilar gefen gado. Na ji kunya ta rufe ni, ga ni da hijabi ina zuba maganar ƙauyensu a gaban mai ilimi. Na dakata da karatun.

Ya ce, "Don Allah ci gaba." Ya dubi uwarsa ya ce, "Mama, wannan ai Kaka ce."

"To da wa ka ɗauka? Ajiye fitilar nan ka zauna."

"Masu mota suna jira."

"Su jira. We fixin' to finish, yanzu za mu ƙarasa."

Ya ajiye fitilar ya zauna a matakala kusa da ni, da wandonsa mai guga. Ma'aikatan ma suka jingina da mota suna shan ruwa. Na karanta shafukan da suka rage a hankali, ban ƙarasa wutsiyar ko kalma ɗaya ba. Da na kai layin ƙarshe na rufe, Mama ta ci gaba da lilo idonta a rufe, ta ɗan jima, sannan ta buga hannun kujerar ta ce, "To. Yanzu ku ɗauke ta."

Kuɓewar ta bar min, ta ce in tsallaka in riƙa tsinka kafin masu sayen gidan su zo. Littafin kuwa ta sa a jakar hannunta, ba ta yarda ya shiga kwali ba. Da aka zaunar da ita a mota ta sauke gilashin taga ta ce ɗanta zai zo ya ɗauke ni ran Asabar, in taho da kaset ɗin 'yar ƙauyen nan, tana so ta ji yadda aka ƙare da turmi.